Garin da Na Koyi Karatu a Kansa

Shekarar da aka rufe masallatan Doha saboda korona, ina da shekara arba'in da bakwai, ban iya karanta ko sunana da boko ba. Direba ne ni, aiki kuma ya tsaya cak. Gida ɗaya muke haya a unguwar Al Muntazah da wani Kirista mutumin Filato, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a wani asibiti. Shi ya ce zaman banza ya ishe ni, ya sayo mini littafi da biro. Ina ce masa Malam, yana ce mini Baba.

Ba mu da littafin koyo, sai ya rubuta mini da Hausa tarihin wani ƙaramin gari a Amurka inda surukinsa ke aiki a gidan kula da tsofaffi. A kansa na koyi haɗa baƙi da wasali. Layin dogo ne ya kafa garin. Aka gina masaƙa, mutane suka cika shi, masaƙar ta mutu, matasa suka watse. Duk ƙidayar da aka yi sai a tarar jama'a ta ragu. Na haddace wannan kamar karatun allo, har na riƙa tausaya wa garin da ban taɓa gani ba. Sunansa ne kalmar Turanci ta farko da hannuna ya rubuta.

Wata rana na tambaye shi wa zai cike gurbin waɗanda suka tafi. Ya yi dariya ya ce, "Mu mana, Baba. Ƙidaya mai zuwa da mu za a yi ta."

Ya karɓi hoton fasfona, ya ce surukinsa na neman direban da zai riƙa kai tsofaffi asibiti. Ya ce kada in yi nisa, takardar biza na iya fitowa kowane lokaci. Saboda haka da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Gusau ban je ba, a waya na ji an binne ta. Da kafil ɗina, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya kawo maganar sabunta kwantiragi, na ce masa daga gasar kofin duniya khalas, na bar aiki.

Ana tsakiyar gasar, ina jigilar 'yan kallo zuwa filin wasa na Al Thumama, Malam ya roƙe ni in kai shi filin jirgi da matarsa, wai za su Kirsimeti a Jos. Ina ɗora akwatuna a but ɗin mota na ga takarda manne a jikin guda. Na karanta a hankali, baƙi bayan baƙi, yadda ya koya mini. Sunan garin ne.

Na bari sai da muka hau titi, na ce, "Malam, Jos ɗin ta canja suna ne?"

Matar ta juya fuska wajen taga. Shi kuwa ya daɗe yana gyara takunkumin fuskarsa, sannan ya ce da ya ce mu, shi da iyalinsa yake nufi, kuma nawa na nan tafe in na yi haƙuri. Na sauke musu kaya, na yi musu fatan sauka lafiya. Bayan sati biyu lambarsa ta daina shiga.

Abin da ya tafi: shekara biyu da wata takwas, aiki ɗaya, aboki ɗaya, da jana'izar uwata.