Ɗorawar Kaka a Jarida

Jiya maƙwabciyata ta buɗe tukunyar daddawa, warin ya tsallako katanga ya same ni ina wanki, sai ga Kaka ta faɗo mini a rai. Ita ma sana'arta ke nan, kuma ba ta taɓa sayen kalwa a kasuwa ba, don tana da ɗorawarta a Gesse, gefen garinmu Birnin Kebbi, tun wurin yana gonaki.

Ka san yadda gado yake a wajenmu: gona daban, itacen da ke cikinta daban. Da mahaifinta ya rasu, gonar ta faɗa hannun wani ɗan'uwa, ya sayar, amma ɗorawar aka ce ta Kaka ce. Duk bazara mukan je da doguwar ƙugiya mu kaɗo, mu dawo baki da riga duk rawaya. Mai gonar ko ɓawo ba ya taɓawa.

Shekarar da aka ba mu jiha, ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Kawu ya ɗauke ta zuwa Argungu, aka haɗa ta da ni don in riƙa miƙa mata buta. Mun daɗe can, har sanyi ya wuce. Wata rana da hantsi Kawu ya sayo banda a naɗe cikin tsohuwar jaridar Hausa, duk ta sha mai. Yana warwarewa sai ya tsaya, ya ce ga labarin Gesse. An rubuta cewa manya sun je duba filin da za a gina gidajen ma'aikata, har sun zauna a inuwar wata ɗorawa da ke bakin hanya.

Kaka ta gyara zama. “Tawa ta. Babu wata bakin hanya in ba ita ba.”

Ni murna ta kama ni. A tunanina, abin da ya shiga jarida ya zama babba, ba mai taɓa shi. Amma ita sai ta ce, “Sun ce ta wa ta?”

Kawu ya sake karantawa daga sama har inda man kifi ya cinye rubutun. Ba a ce ba. Nan kaina ya ɗaure. A gidanmu ban taɓa jin an ce ɗorawa an yi shiru ba, sai an ce ta Kaka, kamar yadda ake cewa akuyar wance. Na tambayi Kawu ko mai rubutun mantawa ya yi. Ya ce in je in wanke kwano. Ina jin shi ma bai sani ba.

Ƙafar ba ta gama warkewa ba ta matsa muka koma Birnin Kebbi. Muka ɗauki ƙugiya muka nufi Gesse, muka tarar da ɗorawar tsaye, 'ya'ya sun yi mata nauyi, amma an zagaye ta da bulo har ƙirjin mutum. Wani magini ya ce an riga an sallami mai gona, fili kuma an ba da shi da duk abin da ke ciki.

“To wa za ni tambaya?” in ji Kaka.

Ya ce wataƙila ofis. Wane ofis, bai sani ba. Na zaci za ta yi faɗa, don bakinta ba ya barin ta-kwana. Sai kawai ta roƙe shi kada su riƙa zuba ruwan siminti a gindin. Muka juyo da ƙugiyarmu. Na ji haushi ƙwarai, amma ban san wanda zan ji haushinsa ba.

Yanzu Gesse duk gidaje ne da kwalta, 'ya'yana ma daddawar leda suka sani. Ɗorawar tana nan, rassanta sun leƙo ta saman katangar wani, in ta zubar a share a ƙone. Kafin Kaka ta rasu ta raba 'yan kayanta a gaban kowa, ta dube ni ta ce ɗorawar tawa ce. Kowa ya ce ya shaida. Nakan bi ta ƙofar gidan in rage tafiya, amma ban taɓa yin sallama ba, don har yau ban san abin da zan ce na zo karɓa ba.