Sun Ce Babana Ya Haɗa Baki

Mahaifina, Malam Isiyaku, manomin rani ne a wani ƙauye kusa da Bunkure. Gonarsa tana can ƙarshen layin ruwa, yana noman tumatir da shinkafa, kuma ba ya shiga sabgar kowa.

A lokacin farin 1984 wasu shanu suka faɗa wa albasar mutanenmu, aka yi rikici har aka fasa wa mutum biyu kai. Gari ya taru a ƙofar mai unguwa, aka yanke cewa daga ranar Fulanin rugar da ke bayanmu abokan gaba ne. Ba ciniki, ba gaisuwa.

Dattijo, babban rugar, aminin Baba ne tun suna samari, kuma ba shanunsa suka yi ɓarnar ba. Da yunwa ta fara kayar masa da su, Baba ya buɗe masa gona da rana tsaka, suka cinye abin da ya rage bayan girbin shinkafa.

Sada, mai raba ruwa a layinmu, ya tare Baba bayan sallar Juma'a. "Malam Isiyaku, ka haɗa baki da Fulani."

Baba ya ce, "Sada, ka san nauyin abin da ka faɗa? Haɗin baki a ɓoye ake yinsa, don a cuci wani. Me na ɓoye? Wa na cuta?"

Amma kalmar ta manne wa Baba. Ranar ruwanmu ta zo, Sada ya toshe. Sau uku yana haka, tumatirinmu ya ƙone da furensa. Mata suka daina sayen ƙosan Inna. Ni da nake amarya a lokacin, dangin mijina suka koma kirana 'yar mai haɗin baki.

Baba ya bar gonar, ya koma yin dako a Kumbotso. A can ya rasu bayan shekara uku.

Da takin zamani ya yi wuya, Sada da ƙafarsa ya je wajen Dattijo, ya roƙi shanu su zauna a gonarsa don kashinsu. Gari ya yaba, aka ce haɗin kai ne.

Na same shi a bakin kanal ɗin ban ruwa. Na ce, "Kawu Sada, shanun nan ai su ne dai na wancan lokacin. Me ya bambanta naka da na Babana?"

Ya sunkuyar da kai. "Ummulkhairi, Allah Ya jiƙan Malam."

Na ce amin, don addu'a ce. Amma ban yafe masa ba, har yau.