Marlene da ɗakin dankali

Ina tsaka da tuƙa dankalin abincin ranar yara Gord, mijin Marlene, ya kira ni. Ya ce, "Bev, ta tafi." Na ce ina kuma? Don Marlene kullum ƙafarta a waje take. Sai daga baya na gane rasuwa yake nufi.

Tun muna 'yan mata a garin Thunder Bay muke tare, kuma ban taɓa ganin mai hayaniya irinta ba. Dariyarta na tada kare daga barci. Awarwaro har gwiwar hannu, turarenta kuwa shi ke fara sallama kafin ta iso. Wannan matar ce makarantar da nake dafa wa abinci ta ɗauka ta riƙa zama kusa da Tessa, yarinya mai larurar galahanga, wadda ƙara da wari ke shigarta kamar allura.

Ba wanda ya san haka a lokacin. Tessa ta iya ɓoyewa. Ko me ka tambaye ta sai ta yi murmushi ta ce lafiya lau. Amma a zauren cin abinci ba ta kai loma baki, in ta koma gida kuma ta zube tana kuka. Uwarta ta fara maganar cire ta daga makarantar.

Marlene ta yi ta lallashi da murya kamar mai tallar gwanjo, har ran nan yarinyar ta dube ta ta ce, "Warinki yana min ciwo. Hannunki ma."

Marlene ta shigo min kicin ido ya yi ja. "Kin ji 'yar nan? Wai wari! Turaren da Gord ya aure ni dominsa!"

Na ce, "Gord hancinsa ya mutu tun yana aiki a masana'antar takarda."

Washegari ta zo ba turare, ba awarwaro, kamar kazar da aka fige. Ta kwaso kujeru biyu ta kai ɗakin ajiyar dankalina, inda ba kowa sai buhuna. A nan Tessa ta fara cinye abincinta, maganar cirewa ta mutu. Raɗa ce kawai ta gagari Marlene har ƙarshe. In ta yi, har a ofishin shugaba ana ji.

Da ciwo ya kwantar da Marlene na je duba ta a asibiti, ta rame ƙwarai, amma bakin yana nan. Ta kamo hannuna.

"Kar su saka yarinyar nan komawa zauren can. Ke za ki zauna da ita."

"Ni? Me zan ce mata?"

"Ba komai, sakarya. Aikin ke nan. Ki zauna ki rufe baki."

Na ce, "Ke kika iya, ni zan kasa?"

Ta ce, "Wa ya ce miki na iya? Haƙuri yarinyar ta yi da ni."