Allurar da Ta Ƙi Yi wa Mijina Ƙarya

A layin gareji ba mai kiran mahaifina da sunansa. Sai An Kwance suke ce masa, don ko ƙara kaɗan ka kawo masa a mota, amsarsa ke nan. Shekara talatin da wani abu yana ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya, da benci mai ƙafa uku da rabi, da sifanoni a rataye bisa tsayinsu. Hannunsa bai taɓa fita fes ba. Muna yara idan ya shafa mana kai, sai Inna ta sake wanke mana gashi tana mita. Ba ya sauri kuma ba ya ba da haƙuri a kan rashin saurin, shi ya sa masu gaggawa suke wuce shi su tafi rumfar gaba.

Mijina yana cikin masu gaggawar. Da ya sayi motar ɗaukar bulo mai injin turbo, wadda da ita muke ci muke sha, sai ya ji direbobi suna cewa irin wannan injin yana so a sa masa na'urar auna zafin hayaƙi, don hanyar da yake bi da lodi akwai wani dogon tudu. Ya kai wa Baba, ba don ya yarda da shi ba, don dai kada a ce ya tsallake surukinsa.

"Sai an kwance," in ji Baba.

"Baba, huda ɗaya ce fa. A huda a ɗaura, in kama hanya."

"In na huda a jikin mota, ɓarɓashin ƙarfen ina zai tafi? Cikin turbo. Fukafukan nan da ke juyawa a ciki sun fi farcenka siranta. Ka dawo jibi."

Kwana biyu Baba ya yi a kanta. Ya cire bututun da ke tattara hayaƙi daga injin, ya huda shi a kan benci, ya wanke, ya bi da maganaɗisu har sau uku. Ya ɗaura na'urar a gaban turbo, inda hayaƙi ke fitowa da cikakken zafinsa, ya ja waya zuwa wani ɗan agogo kusa da sitiyari. Ya ce idan allura ta shiga ja, a sassauta totur a rage giya, ko da bayan motar akwai mai yi maka ham.

Sati uku allurar nan tana shiga ja a tsakiyar tudun. Mijina ya dinga dawowa gida yana huci. Wai abokansa suna wuce shi suna ɗaga masa hannu, wai sawu biyar da yake yi ya koma huɗu, wai agogon tsoho ya tsufa kamar mai shi. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na yi dariya. Har na je gidanmu na ce wa Baba, "Ko dai na'urar ce ba ka sa daidai ba? Ka san kayan zamani sai 'yan zamani." Yana goge hannu da tsumma a lokacin. Ya dube ni, ya ce in gaida yara.

Ashe mijina ya riga ya samo mai yi masa yadda yake so. Akwai wani bakanike a bakin titi da ake kira Yanzu-Yanzu, mai fara'a da bakin ciniki. Cikin rabin awa ya cire na'urar daga inda Baba ya sa ta, ya toshe hudar da ƙusa, ya mayar da ita can ƙasa kusa da salansa, wato tukunyar rage ƙarar mota, inda hayaƙi ya riga ya huce. Tun daga ranar allura ba ta sake kusantar ja ba. Mijina ya shigo gida yana washe baki, ya ce an gyara kuskuren Baba. Ya faɗa a gida, ya faɗa a tasha, ya faɗa a layin garejin da Baba ke zaune.

Abin da ke ba ni ƙyama har yau shi ne ba jahilci ba ne. Ya san abin da ya yi. Kamar a ce yaronka yana zazzaɓi, sai ka cire ma'aunin zafi daga hammatarsa ka sa a tafin ƙafa, ka ce ya warke. Mutum mai 'ya'ya huɗu, da gemu har ya fara furfura, ya biya kuɗinsa don a yi masa ƙarya.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Da hantsi, a tsakiyar tudun, da bulo ɗari uku a baya, injin ya yi tari ya saki farin hayaƙi ya mutu. Janwe ya jawo motar. Yanzu-Yanzu ya leƙa ya ce wannan ba aikinsa ba ne, sai aka wuce da ita rumfar Baba. Ina can, na kai masa abincin rana.

"Baba, wallahi agogon bai nuna komai ba," in ji mijina, ko kunya babu.

Baba ya buɗe gaban motar, ya sa yatsa a kan ƙusar da ta toshe hudarsa. Ya daɗe bai ɗaga yatsan ba.

"Ya nuna maka sati uku," ya ce. "Sai an kwance."

Wannan karon ba wanda ya yi musu. Da aka kwance, fistin biyu na cikin injin sun narke, ɗaya har da rami a kansa da babban yatsana ke shiga. Wata biyu motar ta yi a kan duwatsu, mijina yana zaune a gida yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Ya zagi mai, ya zagi tudu, ya zagi wanda ya sayar masa da motar. Idan ya fara sai in tashi in bar masa ɗakin, don ko kallon yadda yake tauna abinci ba na iya yi.

Baba ya gyara ta, ya mayar da na'urar inda take tun farko. Bai yi wa surukinsa gori ba ko sau ɗaya. Ranar da aka gama, na je in yi masa godiya, na tarar ya nannaɗe wani abu a tsumma ya ajiye a kan benci. Fistin mai ramin ne. Na ce zan kai wa mijina ya gani da idonsa.

"Ba nasa ba ne," in ji Baba. "Shi direba ne, ya faɗi abin da direbobi ke faɗa. Ke kuwa a rumfar nan kika koyi tafiya."

Na ɗauka na tafi da shi. Yana kan tagar kicin ɗina, kullum ina wanke-wanke ina kallonsa.