Waƙar Inna da na ce ba za ta ɓace ba

Shekarun baya, lokacin da nake da ɗan shagon gyaran salula a bakin kasuwar Malanville, na kamu da ciwon nan na ganin na fi kowa sani. Wani abokina da ya yi karatun kwamfuta a kudu shi ya koya mini bulokcen. Ya ce wani babban kundi ne da dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa, abin da aka rubuta ciki ba mai iya goge shi. Ya saka mini wata manhaja da ba hoto ba maɓalli, baƙin allo kawai. Kana rubuta umarni, sai ta zaro maka abin da mutane suka cusa a kundin, daga saƙonni har shirme. In na buɗe ta, masu kabu-kabu sukan leƙo su ce na zama boka, ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake.

Mahaifiyata tana da wata waƙa da take yi in tana yi wa jariri wanka, rabi Hausa rabi Dendanci. A cikinta ake jero sunayen matan gidanmu, tun daga kakar kakarta. Ƙanwata ce ya kamata ta gaje ta, amma ta yi aure ta koma Gaya ba ta haddace ba.

Wata Juma'a na je garinmu Madekali, na tarar da Inna tana tsintar shinkafa, na lallaɓa ta ta rera, na ɗauka a salula. Da ta gama sai ta dube ni.

"Zamna in koya ma da baki, ka kai ma ƙanwarka. Abin ga naka in ya ɓace, wa za ka tambaya?"

Na yi dariya, na ce inda zan ajiye ta ko jikokin jikokinta sai sun ji. Ta ce, "To, Allah shi sa," ta ci gaba da tsintarta.

Da na koma shago na fara da gwaji. Na rubuta "Gwaji ne kawai", na tura cikin kundin, na nema a baƙin allo, ga shi ya fito. Daga nan na ɗora waƙar ta wani shafin intanet da ke alkawarin adana kaya a bulokcen har abada. Suka ba ni wata doguwar lamba. Na duba, na gan ta a kundin, na rufe kwamfuta ina jin kaina. Ban ko gwada sauraron waƙar daga can ba. Bayan 'yan watanni salular ta cika, na goge komai na sayar wa wani ɗan kasuwa mai wucewa.

Damina biyu bayan nan Inna ta rasu. Ba a jima ba ƙanwata ta haifi 'ya mace, aka ce sunan Inna za a sa mata. Ta kira ni ta ce tana son waƙar kafin ranar suna, ta koya ta yi wa jaririyar wanka da ita. Na ce ta kwantar da hankalinta, gobe ma sai ta ji.

Na rubuta umarnin, na sa lambar. Abin da ya fito layi uku ne: lambar, sunan fayil, da wani adireshi. Ba murya. Na bi adireshin, ba kowa. Na sake, na canza umarni, na zargi intanet, na zargi kwamfutar. Kwana uku ina wannan, saluloli suka taru ban taɓa ko ɗaya ba. Da na kira abokina sai ya ce murya tana da nauyi, irin waɗannan shafuka ba sa sa ta cikin kundin. Tambarinta kawai suke sawa, wato lambar nan, ita kuma su ajiye ta a kwamfutarsu, kuma masu shafin sun rufe tun bara. Ya ce da ina da asalin muryar, lambar za ta tabbatar mini ita ce, iyakar amfaninta ke nan.

Na hau kabu-kabu zuwa Madekali, na bi tsofaffi gida gida. Gwaggona ta tuna karin waƙar da sunaye biyu, wata tsohuwa ta ce ba haka aka jera su ba. Sauran sunayen sun bi Inna kabari.

Ana gobe suna na haye gada na tafi Gaya. Ƙanwata tana rungume da jaririyar, ta miƙo hannu tana murmushi.

"Yaya, ina take?"

Na gaya mata duka, har da maganar Inna ta in zauna in koya. Na so ta zage ni. Sai kawai ta janye hannunta ta ce, "Ba komi, Yaya. Haka Allah ya so."

Da yamma ina zaune a zaure na ji an fara wa jaririyar wanka. Ƙanwata tana bin karin waƙar da hanci, in ta zo wurin sunaye sai ta yi shiru, ruwa kawai ake ji. Na sunkuyar da kai na yi kuka kamar ranar jana'iza.

Har yau abin bai sake ni ba. Mutane sukan ce in yafe wa kaina, ba da gangan na yi ba. Amma abin da Inna ta roƙa bai wuce in zauna rabin yini a gabanta ba, ni kuma ina saurin komawa in burge masu kabu-kabu. Yarinyar yanzu ta girma tana zuwa makaranta, ba ta san akwai wata waƙa ba.

Manhajar tana nan a kwamfutata. Wani lokaci nakan buɗe baƙin allon in rubuta umarnin, ko da na san amsar. Abokina bai yi ƙarya ba, kundin ba ya mantuwa. "Gwaji ne kawai" yana nan daram, ko jikokin jikokina sai sun gani.