Damtse da Makullin Lamba Tara

Damtse ake kiransa tun yana ɗan dako a ma'ajiyar siminti. Yana da shekara ashirin da shida wata babbar mota ta yi baya ta matse shi da bango. A asibiti aka yanke ƙafafun biyu daga gwiwa.

Da ya warke sai ya koyi gyaran takalma. Idan mai kawo gyara ya tsaya kallonsa, yakan ce, "Kwantar da hankalinka, ba zan gudu da su ba." Shi da matarsa suna zaune a wani ɗaki a saman garejin yayansa, matakala goma sha ɗaya. Da hannu yake jan jiki ya hau, matar na biye tana jan kekensa na guragu. Yayan kuwa ba ya gajiya da gori. Ranar da ransa ya ɓaci yakan yi ƙwallo da akwatin aikin, Damtse ya wuni yana tsintar ƙusoshi a ƙasa.

Shekara bakwai sunansa na cikin jerin masu jiran gidajen da gwamnati ke gina wa naƙasassu marasa ƙarfi. Ranar da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar ofishin ta miƙa masa makullin gida mai lamba tara: ɗaki biyu a ƙasa, ƙofa mai faɗi, gangare a bakin shiga, banɗaki mai ƙarfen dafawa. Sau huɗu ya shiga ya fita a kan keke, don daɗi kawai.

Kwana uku da tarewarsu, da hantsi, yayan ya zo da wasu ƙarti biyu. Ya tarar da Damtse a bakin ƙofa yana buga dunduniyar takalmi.

"Ba ni makullin," in ji yayan. "Na samu mai haya. Ku koma ɗakinku."

"Yaya, takardar da sunana take."

"Shekara tara kana cin arzikina, yau ka san suna?"

"Ban musa ba, Allah ya saka. Amma gidan nan ba na bayarwa ba ne."

Mari ya sauka kafin ya rufe baki. Ƙartin suka kifar da keken, goshinsa ya daki bakin siminti, jini ya rufe masa ido ɗaya. Matar ta fito da gudu, ɗayansu ya tare ta da gwiwar hannu a kunne, ta zube a jikin ƙofa. Suka rufe Damtse da shuri, a haƙarƙari, a baki, a dungulmin ƙafa inda ɗinki yake. Bai yi ihu ba, yana dai kallon matarsa da ba ta motsi.

Yayan ya taka masa ƙirji, ya sunkuyo yana laluben aljihu. Nan Damtse ya cafke idon sawunsa da hannun da ya shekara tara yana ɗaukar gangar jiki. Ya murɗe, ya fizgo, mutumin ya faɗi rigingine. Gudumar aiki na nan kusa. Sau ɗaya ya sauke ta a kan gwiwa, ƙashin ya ce ƙas.

Kururuwar yayan ce ta fito da maƙwabta. Makahon lamba shida ya zo yana kai duka da sanda duk inda ya ji numfashi, wata kurma mai wanki ta biyo shi da dutsen guga. Ƙartin suka ari na kare.

A wurin 'yan sanda maƙwabta suka faɗi abin da ya faru, ma'aikaciyar ofishin ta kawo takarda, gida ya tabbata na Damtse. Ya fita da karayar haƙarƙari uku, babu haƙora biyu. Kunnen matarsa na hagu bai sake ji ba. Yayan kuma har yau da sanda yake tafiya.

Bayan wata guda mahaifiyarsu ta zo. Ya shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi shiga.

"Ɗa ɗaya ya rage mini mai ƙafa," ta ce. "Shi ma ka raba shi da ita."

"Inna, ki dubi bakina."

"Na gani."

Ta juya. Ya bi ta a keke har bakin titi, ba ta waiwayo ba. Duk mako yana tura matarsa ta gaishe ta. Tsohuwar takan karɓe ta hannu biyu, ta tambayi kunnen, ta tambaya ko rufin na yoyo, amma ba ta tambayar Damtse.