Ɗan Sarkin da Habboba Ta Ciza

Ranar shida ga watan Janairu, shekarar da nake aji biyar, na shigo gidanmu na Umdurman da la'asar ɗauke da faranti a ka, ina tafiya ina rangaji kamar wadda aka aiko daga fada. A kan farantin akwai wani burodi zagayayye mai rami a tsakiya, an jera masa ɓawon lemo da aka dafa da sukari, yana ƙamshin furen lemo. Maƙwabciyarmu ce ta gasa shi, wata ungozoma 'yar ƙasar Sifaniya mai suna Pilar, wadda duk unguwa ke kira Sit Bilar. Ta ce a garinsu ranar ce ake bikin sarakuna uku, yara su tashi su tarar da kyauta a cikin takalmansu, sannan kowane gida a yanka irin wannan burodi. Inna ta yayyanka, aka fara miƙa wa kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda 'yan Sudan ke kiran kaka. Tana zaune a kan gadonta na igiya a ƙarƙashin rumfa. Ta gutsura, ta tauna, sai muka ji ƙas! Ta tofo abin a tafin hannu. Ɗan mutum ne na tangaran, bai kai ɗan yatsa ba, da gemunsa da hular sarauta.

Habboba ta ja salati, ta ce a kwashe burodin kada ko kaji su ci. A wajenta maganar ba ta buƙatar bincike: an binne mutum-mutumi a cikin abinci, an aiko shi gidan mutane, wannan sammu ne ko a ina. Kuma ta san wadda aka yi wa. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Shi ya sa 'yar nan ba ta iya zama."

Gaskiyarta, ban iya zama ba. Tun ina ƙarama ƙafata ƙaiƙayi take. In an aike ni ɗebo gawayi sai an tsinto ni a bakin titi ina kallon motocin da ke tafiya Kasuwar Libiya. In an sa ni ɓarar gyaɗar da Habboba ke soyawa a yashi ta sayar a ƙofar makaranta, sai in bar wa awaki tire in haye katanga. Ko 'yar gala-gala ba na ƙarasawa, ina ganin zan faɗi sai in goge zanen da ƙafa in ce a canza wasa. Baba, mai gasa agashe, wato tsirenmu na can, yakan ce in da ana ɗaure yaro da turke da ni za a fara. Da Sit Bilar ta kama hayar gidan da ke jikin namu, sai na samu inda zan kai rashin zamana. Kullum in na taso makaranta, in wanke kwanuka a gaggauce, in cika randa rabi, in faɗa gidanta.

Da Larabcinta mai ɗingishi take ba ni labarin ƙasarsu, tana nuna mini hotuna. Ta ce akwai garin da rana guda a shekara mutane ke jifan juna da tumatir har titi ya koma ja, na riƙe baki ina tuna yadda Inna ke jayayya a kan tumatir ɗaya. Ta ce akwai inda ake shekara ana gina manyan gumakan takarda don kawai a cinna musu wuta a farkon bazara. A kudu, itatuwan lemo ne a gefen titi, ana shan miyar tumatir mai sanyi kamar kunu. A arewa ruwan sama ba ya ɗaukewa, ana cin wake da kifi. In za ki je, in ji ta, kada ki je tsakiyar zafi, ki shiga jirgin ƙasa daga teku zuwa teku, ki sauka duk inda kika ji ƙamshi. Ni kuwa ko gadar Khartoum sau nawa na taɓa hayewa? Amma na haddace hanyar tsaf, har ina gyara wa ƙawayena.

Duk wannan Habboba ta soke shi da kalma ɗaya. Ba ni ba gidan Sit Bilar, ko leƙe ta katanga. Aka karɓo mini rubutu wajen kawuna malami, ina sha ina kuka. Abin da ya fi ci mini rai, na san aikin Sit Bilar ya kusa ƙarewa, kafin azumi za ta koma ƙasarsu. Kenan za ta tafi ba mu yi sallama ba, tana zaton ni na guje ta. Na rasa inda zan sa kaina. In zauna a rumfa, in tashi, in je zaure, in dawo. Ina jin ƙarar kaskonta ta bayan katanga, ƙamshin tafarnuwa na shigowa, sai in ji kamar in tsage. Na daina cin abincin kirki. Wannan ma Habboba ta ce alamar sammun ce.

Ita ma ba ta samu sukuni ba. Ta ƙulle ɗan mutumin a tsumma, ta rasa yadda za ta yi da shi. Ta ce a jefa a kogin Nilu, ta fasa, kada ya ja ni cikin ruwa. Ta ce a ƙone, tangaran ba ya ci. Wata safiyar Juma'a sai ta yafa tobinta, wato mayafin matan Sudan, ta damƙi wuyan hannuna, ta ce mai abu za a mayar wa abinta, ni kuma in yi mata tafinta don nata Larabcin bai isa faɗa ba.

Sit Bilar ta buɗe ƙofa da gari a hannu. Habboba ko gaisuwa ba ta amsa ba, ta kwance tsumman ta miƙa mata a fuska. Maimakon ta razana, sai matar nan ta buga tafi ta yi ihun murna. "Mabruk ya Hajja! Ke kika samu?" Ta ruga ɗaki, ta dawo da hular sarauta ta takarda mai ruwan zinariya, kafin kowa ya yi motsi ta ɗora ta a kan ɗankwalin Habboba. Na fassara wa Habboba: a kowane irin burodin nan ana ɓoye ɗan sarki, wanda ya same shi shi ne sarkin gida na ranar, ta ɓoye maganar ne don mu yi mamaki.

Habboba ta tsaya ƙiƙam da hula a kai. Can ta ce, "Ke 'yar nan, gaya mata a garinmu ba a yi wa tsofaffi mamaki, haƙorina saura nawa?" Ta zauna a tabarma ba a ce ta zauna ba. Da muka fito, ta riƙe ni a lungu, ba faɗa a muryarta. Ta ce ta yarda ba sammu a burodin, amma tsoronta bai tafi ba. Iyayenta sun baro ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, hanya ta ajiye su a nan, ba su ƙarasa ba, ba su koma ba. "Da ƙyar muka samu ƙasar da muka shimfiɗa tabarma," in ji ta, "ke kuma kullum idonki na kan titi."

Ta janye dokar, da sharaɗin ƙafata ƙafarta. Haka muka cinye sauran makonnin, mu biyu a gidan Sit Bilar. Habboba ta ci shinkafarsu mai ruwan ɗorawa da ake dafawa a faffaɗan kasko, ta ce banda Turawa wa ke alfahari da ƙanzo, ta kuma nemi ƙari. Ranar tafiya na yi sallamata, na yi kukana har na ƙoshi, kuma Habboba ce ta cusa mata ƙullin gyaɗa a jaka.

Har yau ban ga Sifaniya ba. Tafiyar da na yi ta roƙo ta zo, amma ba a jirgin ƙasa ba. Yaƙi ne ya fitar da mu daga Umdurman a bayan babbar mota, muka bar ƙofa a buɗe. Yanzu ina Kano, garin da iyayen Habboba suka baro, ana ce mini 'yar Sudan, Baba yana garin Gadarif, ƙannena kowa da inda ya faɗa. Dukkanmu kunnenmu na kan labarin ranar komawa. Habboba ta rasu kafin a harba harsashin farko, tana kwance a maƙabartar bayan unguwarmu. Ita kaɗai ce a gidanmu ta samu zama.